Kunnen Doki a Allon TwixT: Littafin Bibiyar Kurakuraina

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Wasa ɗaya ne ya sa na buɗe wannan littafi. Daren Alhamis mun kwashe kusan awa biyu a kan allon TwixT ni da abokina, malamin lissafi a wata sakandare, daga ƙarshe aka tashi kunnen doki. Shi ya miƙe yana gyara hularsa ya ce an raba daidai, Allah Ya kai mu wani makon. Ni kuwa abin ya tsaya mini a wuya, domin tun tsakiyar wasan na san ni ke gaba, amma na kasa nuna inda nasarar ta zube.

Ga wanda bai taɓa ganin wasan ba: allo ne mai ramuka 24 a tsaye, 24 a kwance, an cire na kusurwoyi huɗu, saura 572. Fari yana neman haɗa gefen sama da na ƙasa, Baƙi yana neman haɗa hagu da dama. Kowa yana dasa turke ɗaya a lokacinsa. In turakanka biyu suka kasance tsallen doki tsakaninsu, irin tsallen dokin wasan ces, wato rami biyu gaba ɗaya gefe, sai ka sa gada ka haɗa su. Gada ba ta tsallake gadar abokin karawa. Ba a cin ɗan kowa kamar yadda ake yi a dara, abin da aka dasa ya dasu. Alex Randolph ne ya ƙirƙiro shi, kamfanin 3M na Amurka ya fito da shi a 1962.

Allon da muke amfani da shi wani kafinta ne ya yanka mini daga filawud, ya huda ramukan ɗaya bayan ɗaya. Turakanmu ƙusoshi ne da na tsoma kawunansu a fenti, gadojinmu kuma robar ɗaure kuɗi. Tun daminar bara nake rubuta wasanninmu a littafin makaranta, harafi daga A zuwa X na tsaye, lamba daga 1 zuwa 24 na kwance. Na ƙirga yau: wasanni 34, an ci ni 11, an yi canjaras 3. Waɗannan 14 ɗin zan sake dasawa ɗaya bayan ɗaya, in nemo a kowanne turken da ya ɓata mini wasa.

Lahadi, 12 ga Janairu

Na fara da waɗanda aka ci ni, don na ɗauka za su fi sauƙi. Na gama huɗu.

Uku daga cikinsu cuta ɗaya ce: tarewa kusa da kusa. Abokina ya dasa turke yana neman gefe, ni kuma sai in ruga in dasa nawa daf da hancinsa. Turke shi kaɗai ba ya tare komai, rami ɗaya kawai yake cikewa. Gada ce bango. Gada ɗaya tana hana wasu gadoji tara da za su iya ratsa ta, amma kafin ka samu gada sai ka dasa turaka biyu, shi kuma a wannan lokacin ya yi tsalle biyu. In ka tare shi kusa, zai kewaye ka kamar ruwa ya kewaye dutse, ka koma kana bin sa a baya har gefe. Dole ka ja baya, ka bar rami uku ko huɗu tsakaninku, ta yadda lokacin da ya iso bangonka ya riga ya miƙe.

Na san wannan tun watan farko da na fara wasan. Abin da littafin ya nuna mini shi ne lokacin da nake mantawa da shi: duk sau ukun, bayan ya yi wani motsi ne da ban yi tsammani ba. Da zarar gabana ya faɗi sai hannuna ya kai ƙusa kusa da tasa.

Asabar, 25 ga Janairu

Hazo ya rufe gari, sanyi ya hana zaman waje, sai na shigo da allon ɗaki na zauna da wasan Alhamis ɗin nan. Sau biyar na dasa shi daga farko kafin na gano wurin.

Ni ne Fari. Bangonsa na hagu ya taho har L12, ta gadar J11 zuwa L12. Bangonsa na dama ya taho har L13, ta gadar N14 zuwa L13. Ƙusoshin nan biyu suna maƙwabtaka, ɗaya a saman ɗaya, amma ba su haɗu ba, domin maƙwabtaka ba tsallen doki ba ce. Duk faɗin allon ƙofa ɗaya ta rage mini, wannan 'yar tazarar da ke tsakanin L12 da L13. Na zana ta a takarda na auna, na ga gadoji biyu kaɗai ne za su iya bi ta irin wannan tazara: K12 zuwa M13, ko K13 zuwa M12. Babu ta uku. M12 ya riga ya dasa tasa ƙusar a ciki tun da daɗewa, saboda haka hanya ɗaya ta mutu. M13 nawa ne, kuma a haɗe yake da gefen sama. K12 babu kowa. Kuma ni ke da wasa.

Da na dasa K12, an gama. Gadar ta ratsa tsakanin bangayensa biyu, daga K12 kuma ina da L14 da J14 na sauka ƙasa, filin ƙasan duk nawa ne.

Abin da na dasa shi ne K13. Na tuna sarai dalilin. Na hango zai iya dasa K14 ya haɗa da L12, daga nan ya zagayo ta M15 ya kama L13, bangayensa su zama ɗaya. Tsoron wannan ya sa na ja gada daga K13 zuwa M14 na datse hanyar. Na datse ta kuwa. Shi kuma ya ɗauki ƙusa ya zaunar a K12 ba tare da dogon tunani ba. Daga nan ba ni da inda zan bi. Shi ma ba shi da shi, domin gadojina na K13 zuwa M14, da M13 zuwa L11, da M13 zuwa O12 sun kewaye wurin, J12 da K11 kuma ƙusoshina ne tun farkon wasa. Muka yi ta dashe-dashe a wasu wurare har muka yarda babu mai wucewa.

Abin da ya fi yi mini ciwo na gano shi ne da na sa robar a hannu na miƙa ta daga K12 zuwa M13. Ita kanta wannan gadar tana ratsa hanyar L12 zuwa K14. Wato motsin da zai ba ni nasara shi ne kuma yake kashe barazanar da nake tsoro. Ban buƙaci zaɓa tsakanin kai hari da kare gida ba, ƙusa ɗaya ta isa duka biyun. Na zauna ina kallon robar nan a miƙe har shayina ya huce.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na kai wa abokina abin da na gano. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Malam, wallahi ban ga K12 a matsayin taka ba. Na dasa ne kawai don na ga ramin ya yi mini kusa." Ashe shi ma bai san ya tsallake rijiya da baya ba.

Daga nan hirar ta koma kan Hex, wani wasan allo na haɗa gefe da gefe, wanda shi ya fi so. Piet Hein ne ya fito da Hex a Denmak a 1942, John Nash kuma ya sake gano shi a Jami'ar Princeton 'yan shekaru bayan haka. A Hex ba a yin canjaras ko kaɗan. In allon ya cika, dole ɗaya ya haɗa gefensa, kuma ɗaya ne kawai. Abokina ya ce masanin lissafi David Gale ya nuna a 1979 cewa wannan magana daidai take da wata sananniyar ƙa'idar lissafi ta Brouwer, ya so ya zana mini hujjar a bayan littafina, na ce ya bari sai an sha ruwa wata rana.

Abin da na ɗauka daga hirar ya fi hujjar amfani a wurina. A Hex, in ka tare abokin karawarka gaba ɗaya, to ka riga ka haɗa naka, tarewa da haɗawa abu ɗaya ne. Gidajen allon suna manne da juna, babu tazarar da za ta zama ba ta kowa ba. A TwixT ba haka ba ne. Ƙusa tana iya cike rami ba tare da ta haɗu da komai ba. Bangaye biyu suna iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa, su hana ka wucewa, amma su kansu ba su zama ɗaya ba. Daga wannan tazarar kunnen doki yake fitowa. Ni kuma da Hex na fara kafin TwixT, kuma ina jin har yanzu da kan Hex nake wasa: a raina, in dai na tare shi, nasara za ta zo da kanta. A allon nan ba ta zuwa da kanta, sai ka miƙa robar.

Na koma shafin farko na ja layi na raba kurakuran gida biyu, waɗanda na yi ina neman haɗawa da waɗanda na yi ina neman tarewa. Daga biyar ɗin da na gama, huɗu suna gida na biyu.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Wasanni uku yau. Biyu ba su da wani abin faɗa, tseren kusurwa ne na yi kuskuren ƙirga. In ana bin juna zuwa gefe, kowa yana tsallen doki, hanyar tana tafiya a karkace, biyu gaba ɗaya gefe. Shi ya sa masu wasan suke jan layuka takwas a allo, biyu daga kowace kusurwa, da wannan karkatar, don mutum ya hango tun daga nesa wa zai riga wani isa. Allona ba shi da su. Na sa rula da biro na ja su yau.

Na ukun ya cancanci a tsaya a kansa. Akwai tazarori biyar da in turakanka biyu suka kasance a kansu, kana da hanyoyi biyu na haɗa su da ƙusa ɗaya: huɗu da sifili, uku da uku, uku da ɗaya, biyu da sifili, ɗaya da ɗaya. In ya toshe ɗaya ka bi ɗaya. Saboda haka akan ɗauke su kamar an riga an haɗa, a tafi wani wurin. Ina da L8 da L12, huɗu da sifili, hanyoyina K10 da M10. Na ɗauke kai na tafi kusurwa. Akwai wata baƙar ƙusa a K11 da ta daɗe a wurin, ba ta haɗe da komai, na riga na ƙirga ta cikin matattu. Ya dasa M10. Hanya ɗaya ta cike. Amma M10 da K11 tsallen doki ne, ya miƙa roba tsakaninsu, robar ta ratsa hanyar K10 zuwa L12. Ƙusa ɗaya ta kashe ƙofofi biyu.

A littafin na rubuta a lokacin cewa ya yi sa'a. Na soke wannan kalmar yau. Ba sa'a ba ce, ƙusar K11 ya dasa ta da niyya motsi shida kafin nan, yana jiran in juya baya. Daga yau kafin in kira tazara haɗaɗɗiya, zan duba kowace baƙar ƙusa da ke kusa, in tambayi kaina: in ya dasa a ɗaya daga ƙofofina, da wa zai haɗu?

Lahadi, 9 ga Maris

Azumi ya shigo tun ranar 1 ga wata, wasan dare ya tsaya, bayan tarawi kowa gajiya ta kama shi. Binciken na mayar da shi bayan sahur, kafin a kira asuba, lokacin gidan shiru.

Canjaras na biyu. Wannan da ɗan yayata muka yi shi a watan Oktoba, yaro ne ɗan aji biyar a sakandare mai saurin hannu. A wani lungu kusa da gefen ƙasa gadojina sun cunkushe, na buƙaci miƙa wata gada amma tawa ce ta tare ni. Na duba na ga ba hanya, na ce masa mun yi kunnen doki, ya ce, "To Kawu," muka kwashe ƙusoshi.

A dokar asali ta allon katako, a lokacinka kana da damar cire gadojinka na baya, ka sake miƙa wasu tsakanin turakanka. Ba kasafai ake buƙatar haka ba, shi ya sa mutum yake mantawa dokar tana nan. Akwai kuma dokar takarda da biro, wadda ake bi a dandalin wasanni na intanet mai suna Little Golem, inda ba a goge gada, amma gadarka tana iya tsallake taka, sai dai tsallakewar ba haɗuwa ba ce. Da na sake dasa wasan, na ga ko da wace doka aka bi ni ke da nasara. A ta katako, in cire tsohuwar robar da ta gama aikinta in miƙa sabuwa. A ta takarda, in ja sabuwar ta kan tsohuwar. Na ƙirƙiro wa kaina doka ta uku da ba ta wanzu ba, wadda ba a cirewa kuma ba a tsallakewa, na zauna a cikinta.

Na kira yaron na nuna masa. Ya ce ya ga wurin tun a ranar, amma da na ce canjaras sai ya ɗauka ni na fi shi sani, kuma bai ga ya dace ya gyara wa babba ba. Wannan ya dame ni fiye da wasan. Na gaya masa a kan allo babu kawu, in ya ga abu ya faɗa bayan an tashi, kuma daga yanzu kafin a dasa ƙusar farko za mu furta da baki wace doka muke bi.

Asabar, 22 ga Maris

Ban taɓa allon ba kwana goma. Zafi da goman ƙarshe. Wasa ɗaya kawai na duba, kuma kuskuren a ƙusar farko yake.

Wanda ya fara wasa yana da fifiko babba, shi ya sa ake bin dokar musanya: bayan Fari ya dasa ƙusar farko, Baƙi yana iya cewa ya karɓe ta ta zama tasa. Irin rabon da ake yi wa yara ne, wanda ya yanka ba shi ke fara zaɓa ba. Na buɗe kusa da tsakiya sosai, ya karɓe, na ƙarasa wasan ina bin sa. Ƙusar farko tana son wurin da shi kansa zai yi shakkar karɓa ko bari, can wajen gefe.

Asabar, 5 ga Afrilu

An yi salla lafiya. Na dawo kan canjaras na uku, wanda na bari ƙarshe don na ɗauka shi ma wata nasarar ce na zubar. Ba haka ba ne, kuma ya sauya mini yadda nake kallon sauran.

A wannan wasan ni ne a ƙasa. Tun wajen motsi na goma sha biyar hanyata ta sama ta mutu, ba ni da sauran fatan haɗawa. Abokina yana da tazara ɗaya da ta rage masa ya rufe. Abin da na yi, ba tare da na san sunan abin ba a lokacin, shi ne na daina neman hanyata, na koma cusa ƙusoshi da gajerun gadoji a bakin wannan tazarar. Kowace ƙusa tana barazanar ratsawa, dole ya amsa, amsoshinsa kuma suna cike ramukan da shi kansa zai buƙata. Da ƙura ta lafa, bangayensa biyu suna tsaye gefe da gefe, sun tare ni, amma duk ramin da zai haɗa su ko ƙusata ce a ciki ko robata ta ratsa hanyar.

Na nemo inda ya zubar. Sau biyu yana da damar ya ƙyale barazanata ya rufe tazarar kai tsaye, domin gadar rufewar da kanta za ta datse abin da nake shirin yi. Sau biyun ya zaɓi ya amsa mini kusa da kusa. Kuskurena ne na K13, wannan karon a hannunsa.

Saboda haka duk canjaras ukun da ke littafina, babu wanda allon ne ya tilasta shi. A kowanne akwai lokacin da ɗaya daga cikinmu yake riƙe da nasara a hannu, ya ajiye ta. An ce tsakanin gwanaye a babban allo canjaras abu ne mai wuya, kuma yanzu na ga dalili: su ba sa barin tazara ta daɗe a buɗe har ƙusoshi su taru a bakinta. Da yaron mukan yi a ƙaramin fili na ramuka 12 a tsaye, 12 a kwance, a can kuwa mun fi yawan cijewa, wurin ya yi kaɗan, cunkoso yana zuwa da wuri.

Amma ban yarda da abokina ba da ya ce neman canjaras da gangan rashin jarumta ne. In hanyarka ta mutu, wasan bai ƙare ba, domin shi ma sai ya haɗa kafin a ce ya ci. Tilasta masa ya nuna zai iya haɗawar haƙƙinka ne. Wannan ma wata fasaha ce da Hex ba shi da ita, kuma ina ganin tana cikin abin da ya sa wasan Randolph ya daɗe: daga 3M ya koma hannun kamfanin Avalon Hill a 1976, ya shiga jerin wasannin da aka yaba a Jamus a 1979, shekarar da aka fara ba da kyautar wasan shekara a can, kuma yau fiye da shekara ashirin bayan rasuwar mai shi a 2004 ga mu muna ta gardama a kansa da ƙusa da roba.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Na gama sauran ukun da aka ci ni. Biyu tarewar tsoro, ɗaya ƙirgan kusurwa. Jimilla, daga wasanni 13 da kuskuren nawa ne, shida na neman tarewa ne lokacin da akwai abin da ya fi shi.

Ɗan yayata yana ta matsa mini in sa wasannin a twixtbot, manhajar da aka gina bisa tsarin AlphaZero, wato kwamfuta mai koya wa kanta wasa, wadda ta fi ƙarfin mutane a wasan. Ya ce cikin minti kaɗan za ta nuna mini abin da na kwashe wata uku ina nema. Gaskiya ya faɗa, kuma zan yi, domin na tabbata akwai kurakuran da idona bai kai gare su ba, musamman na farkon wasa inda allon yake fili. Amma na ce sai na gama nawa tukuna. Manhajar za ta ce mini K12 ya fi K13. Ba za ta ce mini gabana ne ya faɗi ba, kuma wannan ne abin da yake maimaituwa daga shafi zuwa shafi.

Na rubuta tambayoyi biyu a jikin katakon allon, ta gefen da nake zama. Ta farko: wace gada ce za ta haɗa ni yanzu? Ta biyu: in na miƙa ta, barazanarsa tana nan ko ta mutu? Sai na amsa su kafin in nemi wurin tarewa.

Asabar, 19 ga Afrilu

Mun koma wasa ni da abokina daren jiya, karo na farko tun kafin azumi. An ɗauke wuta, muka kunna fitilar caji muka ajiye ta a kan bokiti. Mun furta doka: ta katako, da cire gada, da musanya. Shi ya buɗe can gefe, na yi shakka, na bar masa, na zama Baƙi.

Wajen motsi na ashirin ya yi wani tsalle da ban hango ba, yana neman ratsa tsakiyata. Na ji hannuna ya ɗauki ƙusa ya nufi kusa da tasa. Na mayar da ita cikin gwangwani. Na karanta rubutun jikin katakon, na bi ƙusoshina daga hagu zuwa dama da yatsa, na sami tazarar uku da ɗaya da ban rufe ba. Na auna gadar rufewar da ido, na ga tana datse ɗaya daga hanyoyinsa biyu, ba duka ba. Ɗayar tana sauka kusurwar ƙasa ta dama. Na bi layin biron da na ja a watan Fabrairu, na ƙirga sau biyu, na ga ni zan riga shi da rami ɗaya. Na rufe.

Ya bi kusurwar. Ƙirgan layin daidai ne, amma akwai wata farar ƙusa a T20 da ya dasa tun farko, wadda ban sa a lissafi ba, tseren ya zo ya same ta a hanya ta ba shi tsallen da ya rasa. Ya ci a motsi na talatin da ɗaya.

Ya ce, "Malam, yau ka ba ni wahala, da ba don wannan ƙusar ba da ka gama da ni." Na rubuta wasan a shafi na 35 kafin in kwanta. Da safen nan na sake dasa shi har zuwa motsi na ashirin, na bar allon a haka a kan tabarma. Rufewar da na yi ba ita ce kuskuren ba, na gwada tarewa kusa sau uku, duk ta fi muni. Abin da nake nema yanzu yana baya, tsakanin motsi na takwas da ya dasa T20 da na goma sha biyu, lokacin da kusurwar take fili kuma ƙusa ɗaya tawa a wajen S19 ko U18 za ta iya raba ta da tseren. Gobe bayan la'asar yaron zai zo, shi zai riƙe Fari, mu gwada su ɗaya bayan ɗaya.